Citta Mai Ƙwaya a Deira

Shekarun baya, ina aiki a wani ofishin kago na aika kaya a unguwar Al Khabaisi ta Dubai, mai ɗakina ta haifa mana ɗan fari. Bizar mahaifiyarta ba ta fito ba, daga ni sai ita a wani ɗan ɗaki a Abu Hail. Tun da muka dawo daga asibiti ta daina cin abinci. Ciki na murɗa mata, in na kawo shinkafar shago sai ta kau da kai tana hawaye. Nono ya fara ja baya, yaro sai tsala kuka yake. Likita ta ce lafiyarta ƙalau, ta dai ci abinci. Wallahi na tsorata.

Surukata ta kira daga Kano ta ce, "Ka nemo citta, a haɗa mata yajin jego ta sha da romo."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na ciko leda da ɗanyar citta, na ɗaga mata a bidiyo ina washe baki. Tana gani ta ce, "Ɗan nan, wannan ai mai yatsu ce. Mai ƙwaya nake nufi." Ni da nake taƙamar a Fagge na tashi, ashe ban san citta biyu ce ba.

Na karaɗe masu kayan ƙamshi na Deira. Wannan ya miƙo masoro, wancan ya ce da Larabci, "Mafi, habibi, khalas," wato babu, ta ƙare. Daga ƙarshe wani abokina ya kai ni masaukin wata dattijuwa 'yar Kano da ta zo sarin abaya. Tana jin bayanina ta zuge jaka, ta fito da wani busasshen ƙwanso kamar 'yar gyanɗama. Ta fasa, sai ga ƙananan ƙwayoyi masu ƙamshi da yaji.

"A dajin kudu take fitowa," in ji ta. "Ba na hawa jirgi ban ƙunso ta ba. Sanyin ciki, kumburi, tari, in na tauna sai in ji daidai. Mai jego kuwa ita ke ɗumama mata ciki." Sai ta dube ni. "Wa zai daka?"

Na ce ni.

"Kai ɗin? Tashi mu je, ɗana."

Ta bar sarinta ta biyo ni. Ba mu da turmi, da gindin kwalba ta murje cittar, ta haɗa da kanumfari da masoro ta barbaɗa a romon kaza. Ta zauna bakin gado ta ce, "'Yata, tashi ki sha, ba ke kaɗai ba ce a garin nan." Mai ɗakina ta shinshina, ta fashe da kuka, sannan ta shanye kwanon tas ta nemi ƙari. Washegari yaro ya ƙoshi ya yi barci.

Har yau ban san wanda ya fi yin aikin ba, cittar ko dattijuwar. Ban sake ganinta ba, ko sunanta ban tambaya ba. Mai ɗakina dai in tana yi wa iyayenta addu'a, su uku take ambata.