Matar da Ta Rufe Ƙofar Shinge

Yau da safe kekuna sun wuce ta ƙarƙashin tagata, baƙi cikin riguna ja da ruwan ɗorawa suna ta dariya, Loris ɗan ƙanwar magajin gari yana gabansu da usur a baki. Na maida tagar da ƙarfi har gilashin ya yi ƙara. Ni marubucin waƙa ne, amma na daɗe da ajiye ta. Waƙa tana son lallashi, ni kuwa abin da ya rage mini fushi ne, don haka zan faɗi labarin Delfina Garnero a miƙe.

Delfina ta ƙarar da ƙuruciyarta tana raba wasiƙu a kan keke tsakanin kwarinmu da kwari biyu na maƙwabta. Ta san gangaren da ƙanƙara ke daɗewa a kai, ta san tsohuwar da za a tsaya a sha kofi da ita ko babu wasiƙa. Lokacin da ta ajiye aiki, garinmu Valdorsa ya riga ya fara mutuwa a tsaye. An rufe makaranta, an rufe gidan burodi, masaukin baƙi ma yana shirin bin su. Sai ta zo da magana: za ta tara baƙi, ta hau da su kan keke daga ƙasan kwari, su tsallaka ta makiyayar kan tsauni, su gangara kwarin gaba, kowane dare a wani ƙauye, su ci tuwon masara da cukunmu.

Mutane suka yi mata dariya. Wa zai baro birnin Torino ya biya don ya sha wahala? Ba ta kula su ba. Abu ɗaya ne ya hana ta barci: hanyar dole ta ratsa makiyayar Batista, ɗan kawunta. In ba nan ba, sai kwaltar ƙasan kwari, inda manyan motoci ke tafe da hayaƙi, ba wanda zai zo don ita. Ta yi hunturu guda tana hawa tsauni zuwa gidansa kafin ya yarda.

Duk wanda aka haifa a nan ya san ka'idar shinge tun kafin ya san karatu. Na ƙarshe a wucewa shi ke rufe ƙofa. In makiyayi ya bar ta a buɗe da gangan, don shanu su sauka wurin ruwa, yakan ɗora farin dutse a kan ginshiƙi, ba mai taɓawa.

Ranar tafiyar farko ina ciki, da gwiwata mai ciwo. Rana ta buɗe, sararin sama ya yi shuɗi kamar an wanke shi, ƙararrawar shanu na zubowa daga tudu. Baƙin suka yi gaba, ni ina ta haki, Delfina tana bayana, don ta ce jagora na gari a baya yake tafiya. Muka iske ƙofar Batista a buɗe, ginshiƙi ba komai a kansa. Ta sauka, ta ja ƙyauren, ta ɗaura igiya. Hannunta ne ya yi don sabo, ba ita ba. Da ni ne na ƙarshe, haka zan yi.

Da yamma, a masaukin kwarin gaba, wani likitan haƙori, mutumin kirki, ya zaro abu daga aljihun bayan rigarsa ya ajiye kusa da farantinsa. Farin dutse ne mai ƙyalli. Ya ce tsarabar 'yarsa ce, a kan wani ginshiƙi ya same shi. Delfina ta ajiye cokali. Ta roƙe shi dutsen cikin murmushi, ta fita ta buga wa Batista waya.

An makara. Shanun sun wuni cikin zafi a gefen da babu ruwa. Wata saniya mai ciki ta nemi tsallake wayar shinge, ta karye, aka yanka ta.

Aka kira taro a tsohuwar makaranta, muka zauna kan bencin yara, gwiwoyi a haɓa. Maganar guda ce: a hana kekuna ratsa tsauni ko a bar su. Batista ya miƙe, hularsa a dunƙule a hannu.

"Faɗa musu, 'yar kawu. Wanne ne cikin masu matsattsen wandon nan naki ya ɗauke mini dutse?"

Delfina ta ajiye dutsen a kan tebur. "Ba ko ɗaya, Yaya. Ni na ɗauke. Na zaci yara ne suka ɗora."

"Yara?" Ya juya ya dubi bencin da muke kai. "Waɗanne yara? Rabon garin nan da kukan jariri tun ina da haƙora."

"To tsufa ne. Kai ma da kunne ɗaya kake ji."

"Kunnena ɗaya ya ishe ni jin ƙarya."

Na yunƙura zan tashi, don da idona na ga dutsen kusa da farantin likita. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Zauna, Ottavio. Kai da ko hanya ba ka gani ranar nan saboda haki."

Aka yi dariya, dariyar ta danne abin da na faɗa. Na sake faɗa, magajin gari ya buga tebur ya ce a yi shiru.

Nan ne fushina yake, nan ya kwana har yau. Babu mutum ɗaya a ɗakin da bai san ƙarya take ba. Sun san in laifin baƙo ne, dole a rufe hanya, masauki ya mutu. In kuwa laifin Delfina ne, ga hanya a buɗe, ga kuma wanda za a nuna da yatsa. Ta miƙa musu wuyanta, suka karɓa da hannu biyu, ba wanda ya ko sunkuyar da kai. Magajin gari ya gyara murya ya ce tafiyar keke alheri ce ga gari, za ta ci gaba, amma ba za a damƙa ta a hannun wadda ba ta gane farin dutse ba. Akwai matasa, in ji shi. Ya dubi Loris.

Yanzu masauki cike yake duk lokacin zafi. An buɗe gidan burodi, ƙamshinsa na shigo mini da asuba kamar zagi. A jikin takardun talla akwai hoton Loris yana nuna tsauni da yatsa, sai ka ce shi ya gina shi. Batista ba ya gaishe da Delfina. A kasuwa, in ta juya baya, mai rufe ƙofa suke ce mata.

Bayan kekunan yau sun ɓace a kwana, na sake buɗe tagar, don na san abin da ke biye. Ga ta nan a kan tsohon kekenta na gidan waya, ita kaɗai, tana taka shi a hankali, bakinta na motsi. Loris a gaba yake tafiya, ba ya waiwaye, ba wanda ke duba ƙofofi a bayansa.

"Ina kuma za ki?" na tambaye ta.

"Ka sani."

"Ki bar ƙofofin mana. Ki bari shanu su bi baƙin har Torino, Loris ya gani."

Ta sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ta ɗago kai. Fuskarta ta yi ja, ba don hawa ba.

"Kana zaton ba na so? Kullum sai na zage shi daga nan har kan tsauni, shi da kawunsa da usur ɗinsa." Ta gyara zaman jakarta. "Amma shanun me suka yi mini?"

Ta taka ta wuce. Na tsaya ina jin ƙarar sarƙar kekenta, wadda ta daɗe tana neman mai, har kukan ruwan kogi ya shanye ƙarar.