Ranar da na maida rediyon Baba Nijeriya

A shekarun da na yi aiki a ɗan kamfanin Kawu a Tunga, babu rediyonmu ko ɗaya da ke zaune a Nijeriya. Ba rediyon jin labarai nake nufi ba. Fararen akwatunan nan ne da ake ɗaurewa a kan dogon ƙarfe, su jefa intanet daga wannan unguwa zuwa waccan. In ka kunna sabo, abin da manhajarsa za ta fara tambayarka shi ne ƙasar da kake. Ƙasar da ka zaɓa ita ke yanke tashoshin da zai buɗe maka, da iyakar ƙarfin da zai yi aiki da shi. To mu masu wannan sana'a a Minna ba ma zaɓar tamu. Jerin ƙasashen muke bi mu nemo wadda ta fi sakar mana mara. Rediyoyin kafe-kafen intanet na Bosso kaf a wata ƙasa na ajiye su, wadda ko a taswira ban iya nuna ta ba.

Ni ce mai saiti. Maza su hau ƙarfe su ɗaure, ni ina ƙasa da kwamfuta a cinya ina ta ɗaga murya, a karkata dama, a ɗan sunkuyar. Kawu ƙanen marigayiya mahaifiyata ne. In yana son abu a wurina sai ya ce Injiniya, in ya samu kuma in koma 'yar nan.

Rediyon da na fi ji da shi ba na kwastoma ba ne, na gidanmu ne, can bayan Tagwai, inda Baba ya koma da ya bar aikin jirgin ƙasa. Ƙarar injuna ta cinye masa kunne tun yana aiki, har ya zamana ko tsawa ba ya ji. Baki yake karantawa, kuma ya iya ƙwarai, in dai kana fuskantarsa. Goggo da ke yi masa girki haƙoranta sun zube, ya ce bakinta ba ya karantuwa. Daga baya ya faɗi ya karye a ƙugu, hawa babur ya gagare shi, hanyar gidan kuwa da damina mota ba ta shiga. Yayana yana ƙasar waje, takardunsa ba su cika ba, in ya fito ba zai iya komawa ba. Waya ba ta da amfani tsakaninsu. Rubutu kuwa Baba bai ɗauke shi magana ba, cewa yake kowa ma zai iya rubuta lafiya lau.

Shi ya sa na matsa wa Kawu har aka kafa ƙarfe a bayan ɗakin Baba. Nisan ya yi yawa, ga tudu a tsakani, ga tashoshin da aka halatta sun cika da hayaniyar rediyoyin gari. Sai na ɗora rediyon a kan wata tasha can gefe, wadda ba a ba irinmu ba, na ƙure masa ƙarfi. Hoton kiran bidiyo ya zo tas. Duk Juma'a bayan la'asar Baba zai sa hula ya zauna gaban kwamfuta, ya kore ni waje, su yi ta hira da ɗansa. Ina tsakar gida ina jin muryarsa, ana jin ta har maƙota, don bai san yana ɗaga ta ba.

Ana nan sai Kawu ya samu lasisi. Da ma abin da yake ta nema ke nan, ya gaji da zaman ɗar-ɗar. Amma lasisin da sharaɗinsa ya zo: kowane rediyo sai an maida shi kan ƙa'idar ƙasa, tasha da ƙarfi duka, kuma za a zo a duba. Masu ƙera rediyon su ma suka fito da sabuwar manhaja wadda ta toshe 'yan hanyoyin da muke bi ta gefe. Kawu ya kira ni Injiniya, ya ce in fara.

Ban yi musu ba, don na san gaskiya ce. Iskar ba ta gidanmu ba ce. Na sha tsine wa masu kafe da ke hawa kan tasharmu su kashe mana aiki, ai kuwa waɗanda aka keɓe wa tashar da na sata su ma suna da bakin tsinuwa. Na bi Bosso, na bi Tunga, ina dawo da su gida ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka yi rauni muka ƙara tsawon ƙarfe, wasu muka raba musu hanya biyu. Na Baba na bar shi a ƙarshe, kullum ina cewa gobe.

Na roƙi Kawu a bar wannan ɗaya tak. Wa zai je bayan Tagwai dubawa? Ya ce ba sai an je ba, daga kan ƙarfen Tunga za a gan shi, kuma in aka ƙwace lasisi, ni ce zan ciyar da yaran da ke hawa ƙarfe da iyalansu? Na ce to a kafa wani ƙarfe a kan tudun tsakiya. Muka je, mai gonar ya ce ko allura ba za a kafa masa a ƙasa ba. Na sayi modem na kai gida, sabis ɗin wajen ko saƙo da ƙyar yake turawa. Na yi fushi da Kawu, na yi fushi da mai gona, na dawo na rasa wanda zan yi fushi da shi. Wallahi a makon nan ji nake kamar an rufe ni a ɗaki an tafi da makulli.

A wannan aiki na nesa ake fara canzawa, don in ka fara da na kusa, na nesan ya ɓace maka sai ka yi tattaki. Saboda haka daga kujerata a Tunga na shiga rediyon Baba. Na buɗe jerin ƙasashe, na gangara har Nijeriya, na danna. Ya ɗauke. Na gyara na wajenmu, na zauna ina kallon allo. Ya dawo, amma da ƙyar, kamar fitilar da batirinta ya kusa ƙarewa.

Ranar Juma'a na hau babur na tafi. Na yi wa Baba bayani a hankali, ina buɗe baki sosai, cewa doka ce ta sa na rage wa rediyon ƙarfi. Ya ce shi ma ya yi aiki da doka, jirgi ba ya wuce jar tuta, in kunna kawai. Na kunna. Murya ta zo sarai, hoto kuwa sai ya motsa sau ɗaya ya daskare, ya jima, ya sake motsawa ya daskare. Baba ya matso da fuska har hancinsa na neman taɓa allo. Da ya ga babu abin karantawa, ya juyo ya ce, “Uwata, zauna nan. Ke za ki riƙa faɗa min.”

Haka na zama bakin Yaya. Ya yi magana in ji, in juya in maimaita wa Baba. Gaisuwa ta wuce lafiya, da tambayar ƙugu, da labarin masara. Hirar da a da take kaiwa magariba ta ƙare nan da nan, don akwai abin da ɗa ba ya faɗa wa ubansa ta bakin ƙanwarsa. Makonni muka yi a haka. Ni kuma Juma'ata ta zama ba tawa ba, ko biki ko zazzaɓi sai na je.

Wata Juma'a hoton ya daskare daidai lokacin da Yaya ke murmushin gaisuwa, ya tsaya a nan ya ƙi gaba. Sai na ji muryarsa ta canza. Ya ce an sallame shi daga aiki, ɗakin da yake kwana ma na wani ne, kuma tun sanyin bara ƙirjinsa bai bar shi ba. Ban taɓa jin Yaya yana kuka ba sai ranar.

“Auta, faɗa masa na gaji,” in ji shi. “Ba zan dawo da kaina ba, kunya ba za ta bar ni ba. Amma in ya ce in dawo, gobe zan kama hanya.”

Baba ya taɓa min hannu ya tambayi me ya ce. Na juya na fuskance shi, na faɗa masa duka, ban rage ko kalma ba. Na sake maimaitawa. Ya kalli bakina, ya kalli allo, ya daɗe yana kallon murmushin nan.

“Ke tun kina ƙarama kin iya ƙara wa magana gishiri,” ya ce. “Ga yaro yana dariya. Ce masa ya zauna ya yi haƙuri, Allah ya yi masa albarka.”

Ban buƙaci faɗa masa ba. Yaya yana jin sa.