Ranar da Malam Bukari Ya Karanta Wasiƙar Lauya

Malam Bukari mutumin Damagaram ne. Karatu ya kawo shi Alƙahira, ɗinki ya riƙe shi shekara goma sha tara. Goma sha ɗaya daga ciki shi ne magatakardan ƙungiyar Hausawan unguwar Hadayek el-Maadi, wadda ke hayar ɗaki a ƙasan wani bene. A nan ake taron wata-wata, a nan kuma Malama Awadiyya ke koyar da yara arba'in Alƙur'ani da Hausa.

Yana da ƙa'ida guda: ba ya buɗe takarda sai a gaban taro. Zai miƙe tsaye, ya yage ambulan, ya karanta Larabcin da ƙarfi, sannan ya juya shi zuwa Hausa. Ya fara haka ne saboda an taɓa zargin wanda ya gada da ɓoye takardu. Bayan juyin juya-halin Masar na 2011, da kowa ke neman a yi komai a fili, har ƙofar ɗakin aka daina rufewa.

A taron Mayun 2013, shugaban ƙungiya Alhaji Tijjani ya miƙa masa ambulan daga Ustaza Huda. Ita ce lauyar da suka kai wa takardar hayarsu, da suka ji mai benen yana son mai da ɗakin shago.

"Yalla, Malam, karanta mana kafin shayi ya zo."

Bukari ya gyara tabarau. Lauyar ta ce akwai sharaɗi a shafi na uku: muddin mai gida bai ba su notis a rubuce kafin ƙarshen wata ba, hayar za ta zarce zuwa wasu shekara uku. Ga alama ya manta. Su yi shiru kawai. Layin ƙarshe ya ce wasiƙar sirri ce, ta shugabanni kaɗai.

Har wannan layin ya karanta, da Larabcinsa tangaran. Da ya ɗago kai, ga Ammu Sabir mai gadin benen a bakin ƙofa, riƙe da tiren shayi kamar kowane wata. Mutumin ya ajiye tiren a hankali, ya ce, "Tamam, ya Shaikh," ya haye sama wurin mai benen.

"Innalillahi!" in ji Awadiyya. "Malam, da bakinka?"

"Wallahi, Malama, ban san abin da ke ciki ba."

"Ai shi ne! Yanzu ina zan kai yara arba'in?"

Alhaji Tijjani ya dafe kai. "Da ma da Hausa ka fara, bawan Allah."

Bukari ya zauna, takardar a hannunsa.

Bayan kwana huɗu notis ya iso. Shi ya karanta shi, a tsaye, kuma shi ya kawo shawarar cewa daga yau wasiƙar lauya mutum uku da taro ya zaɓa za su buɗe. A sanar cewa ta zo, a karanta wa kowa idan magana ta ƙare. An yi gunaguni, amma an amince.

Ɗakin shagon wayoyi ne yanzu. Yara goma sha biyu ne kawai shagon ɗinkin Bukari ke ɗauka. Kullum bayan la'asar yakan ture kekensa gefe, ya shimfiɗa musu tabarma, ya fita ya zauna a waje har Awadiyya ta tashe su.