Rigar da Kulsumu ta ɗinka wa kwamfuta

Kulsumu Yari ba ta iya ganin abu mai daraja a tsirara ba. A gidanta na Kaura Namoda rediyo da rigarsa, fulas da tasa, hatta keken ɗinkinta sai da ta yi masa lulluɓi mai geza. Shekara goma sha huɗu tana buga tafireta a shagon Alhaji Maitama, kusa da tashar jirgin ƙasa, kuma tun rasuwar mijinta wannan kujerar ce ke ciyar da 'ya'yanta biyar.

Da aka yi sabuwar jiha takardu suka yawaita. Da aka ƙaddamar da Shari'a kuwa sai abin ya ci uban na da, kowa da wasiƙar da zai kai kotu ko ofis. Alhaji ya je Kano ya sayo kwamfuta, Kulsumu ta koye ta cikin wata biyu. Amma ganin akwatin nan tsaye zindir a gaban baƙi ya riƙa damunta. Ta auna shi da igiya, ta samo yadin karan-miski mai kauri, ta ɗinka masa riga cif-cif har ƙasa, ta bar 'yar ƙofar da waya ke fita. Duk wanda ya shigo sai ya yaba ɗinkin.

Daga nan kwamfuta ta fara iskanci. Da safe lafiya lau, da rana ta take sai ta sandare, ko ta mutu ɗungurungum da aikin mutane a cikinta. Alhaji ya zargi wuta, ya sayo sitabilaiza. Ya zargi faifan da ɗalibai ke kawowa, ya hana a saka. Ba ta fasa ba. Sai ya kira Usmanu mai gyara daga Gusau.

To, Kulsumu mace ce mai tarbiyya, ba za ta bar baƙo ya sha wahalar kwance igiyar riga ba. Kafin ya iso ta tuɓe ta, ta ninke, ta jefa a jaka. Usmanu ya wuni yana latse-latse, kwamfuta na gudu abinta. Sau uku yana zuwa, sau uku ana haka. A na ukun ya ja Alhaji gefe, amma muryarsa ba ta san gefe ba.

"Alhaji, injin ga lahiya tai lau. Mai taɓa shi za a duba."

Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Hajiya, ba ni son ɓacin ranki. Ga takardun jarabawar makarantun Sakajiki da za ki buga, ran Jumma'a za a zo a amshe su. In ta ƙara mutuwa hannunki, akwai wani da yag gama kwaleji, shi za ni ɗauka."

"Allah shi ba ka haƙuri, Alhaji," in ji ta. Amma tsoro ya kama ta sosai.

Ran Alhamis bayan azahar, tana shafi na tara, allo ya sandare. Ta danna nan, ta danna can, shiru. Alhaji ya fita cin abinci. Hawaye suka zo mata, ta dafa akwatin don ta miƙe, sai ta ji yadin da ɗumi. Ta zura hannu ƙarƙashin rigar, ta yi saurin janyewa. Wadda ta yi jinyar yara biyar ba sai an faɗa mata sunan wannan ba. Yaro na zazzaɓi, wa ke ƙara masa bargo?

Ta fizge rigar. A baya ta ga 'yar fanka tana ta haƙilon fitar da iska ta wasu ramuka, daidai inda ta ninka yadin biyu don ya yi kyau. Kunya ta rufe ta, sannan dariya ta kufce mata ita kaɗai. Ta ja akwatin nesa da bango, ta bari ya huce, ta sake kunnawa. Kafin la'asar ta gama shafi ashirin, tana adana kowanne kafin ta shiga na gaba.

Alhaji ya dawo ya tarar firinta na ta aman takardu.

"Mi kinka yi mata?"

Kulsumu ta tura jakarta ƙarƙashin tebur da ƙafa.

"Zahi na ka kashe ta, Alhaji. Ni kam na gano abin da na Gusau bai gano ba. Iska taka so, kuma ba kaɗan ba."

Ta faɗi haka tana kallon fankar tsaye ɗaya tilo da ke shagon, wadda ke fuskantar kujerar Alhaji tun ranar da aka saye ta. Alhaji ya dubi fanka, ya dubi takardun Sakajiki a jere tsaf. Da hannunsa ya ɗauke ta ya girke a bayan kwamfuta.

Kulsumu ta ƙara shekara goma sha ɗaya a kan kujerarta. Har daga Shinkafi da Zurmi ake aiko mata da tambaya in inji ya ƙi, ta ce a fara taɓa jikinsa tukuna. Alhaji kuwa, duk bazara a ƙofar shago ake samunsa, yana fifita da murfin kwali.