Abin da Inna ta gani a bidiyon Abijan

"Tsaya, maida baya kaɗan," in ji Inna Hajo, ƙanwar mahaifiyata da ta zo daga Kalfu.

Wani bidiyon kasuwar Abijan anka turo mani, nake nuna mata a waya don ta ga garin da ɗanta Sani ya tahi biɗar kuɗi. Mai ɗaukar ya iya aiki, ya shiga har wajen 'yan Adar, mutanen yankinmu, masu saida albasa.

Na maida baya. Ga wani yana tura amalanke cike da buhuna, zufa ta jiƙe rigarshi. Sani ne, wanda kullum yake ce mata shago gare shi.

Ta daɗe tana kallo.

Na ce, "Inna, in kira shi?"

Ta ce, "A'a, ɗana. Kada ka gaya mishi na gani. Ka dai ce ya rage aiko kuɗi, hatsin bana ya ishe mu."

Alhali hatsin ne ta zo nema nan garin Tawa.

Bidiyon ya cancanci kallo, amma ku kalle shi ku kaɗai kafin ku nuna ma tsofaffi. In ku ne, za ku isar da wannan saƙon?