Ranar da Na Wanke Motar Kofur

Shekara arba'in ke nan da rasuwar maigidana, wanda mutanen unguwar Ɗan Iya suka fi sani da Kofur. Yana da sunan yanka, amma ban taɓa kiransa da shi ba yana raye, ba kuwa a jarida zan fara ba. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin ƙasar Bama a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, da ya dawo ya kama aikin makanike a garejin gwamnati a nan Bauchi. Bai bar mana tarin dukiya ba. Abin da ya bari da na fi ji da shi wata 'yar motar sulke ce ta roba, tsawonta bai kai tafin hannu biyu ba, tana nan bisa kabad ɗina duk ta yi buɗu-buɗu. Jikokina sun sani, ko ƙyalle ba a kai mata.

A shekarar da aka sami mulkin kai motar ta shigo gidanmu, ina da shekara biyu da aure. Wani Baturen gareji da ke haɗa kayansa zai koma gida shi ya ba Kofur wani kwali. Na ɗauka agogo ne ko shayi. Da aka buɗe sai ga tarkacen roba ƙanana-ƙanana manne da juna, da takarda mai zane-zane. Na ce a raina, wannan Bature bai san darajar mutane ba.

Shi kuwa Kofur kamar an ba shi kujerar Makka. Kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jera reza da gam da tsinken tsintsiya. Ya ce motar cikin kwalin ba irin tasu ba ce sosai, don haka ya yi ta yanke nan yana ƙara can. Ya yanko gwangwanin madara ya yi mata akwatin kaya, ya murɗa zare ya yi igiya, buroshin fenti ma da gashin jelar akuyata ya ɗaura shi. Tafin hannunsa duk tabon ƙuna ne, yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa, sai ka gan shi yana fama da abin da bai kai ƙwayar gero ba har gumi ya jiƙa masa riga. Ni a zatona wutar gareji ce ta ƙona shi, ban kuma taɓa tambaya ba. Haushi dai nake ji, tuwo na hucewa, ƙato da gemunsa yana wasan yara.

Wata uku ya yi yana wannan aiki. Motar ta fito tsaf, koriya shar, har ni na yaba. Kwana biyu sai na ga ya jiƙa ƙaro ya kwaɓa da ƙasa yana shafa mata, tayoyi da gefe duk ya ɓata su, ya goga mata baƙin tukunya, ya bar murfinta na sama a buɗe. Ya ce mini ranar kasuwa zai kai ta ƙauyen Zungur, bai faɗi wurin wa ba.

A makon nan gari ya ɗauki shara da shafe saboda bikin mulkin kai, 'yan makaranta na yawo da tutoci, kowa na gyara ƙofar gidansa. Ni ma na ce ba za a fita da ƙazanta daga ɗakina a je a zage ni a ƙauye ba. Yana fita aiki na samo sabulun salo da soso na wanke motar tas, na shanya ta a rana. Na danna murfin don kada ƙura ta shiga, sai 'yar wayar da ke riƙe da shi ta karye, ya maƙale. Na zauna ina jiran yabo.

Da ya dawo ya gani bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zauna bakin tabarma da motar a hannu, yana ta ƙoƙarin ɗaga murfin da farce. Can ya ce, "Ladi, me ya sa kika rufe?" Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

A nan ya ba ni labarin Yohanna, abokinsa Kirista daga ƙasar Dass, wanda ke tuƙa motarsu a Bama. Laka ce ta riƙe motar, Kofur ya sauka yana cusa itace ƙarƙashin taya, sai aka harbe ta ta kama da wuta, Yohanna na ciki. Ya haye sama ya kama murfin da hannu, ƙarfen ya yi ja, ya ja iyakar ƙarfinsa bai buɗu ba. Uwar Yohanna, Iya Saratu, tana zaune wurin 'yarta a Zungur. Shekara goma sha biyar duk sanda ya je gaishe ta sai ta tambaye shi a cikin me ɗanta ya mutu, shi kuwa bakinsa ya kasa. Ga shi idonta ya tafi, jiki ya yi rauni. Ya yi niyyar ya sa mata motar a hannu ta shafa, yadda take a ranar, da lakarta da komai.

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Saura kwana uku kasuwa. Na ba shi wayar ɗan kunnena ya gyara murfin. Na kuma ce masa jar ƙasar da ya shafa da farko ba ta yi kama da lakar da ya kwatanta mini ba, na kankaro masa baƙar laka daga gindin randa. Ya dube ta ya ce ita ce. Ni na kwaɓa, shi ya shafa, kuma tun da aka kawo ni gidan ba mu taɓa yin doguwar hira irin ta kwanakin nan ba.

Tare muka hau lori zuwa Zungur. Iya Saratu na zaune a inuwar rumbu, ya durƙusa ya sa mata motar a cinya. Ta bi ta da yatsu a hankali, ta murza lakar, ta tambayi inda Yohanna ke zama, ya nuna mata. Da yatsanta ya faɗa cikin murfin sai ta tsaya.

Ta ce, "Ashe ƙofa a buɗe take?"

Na ɗauka zai bar ta a haka, don da ni ce da na bari. Ya ce, "A'a Iya, ranar ba ta buɗu ba. Na ja, ba ta buɗu ba."

Ta lalubo hannuwansa ta juya su, ta daɗe tana shafa tabon. Ta ce, "Na gani, ɗana. Ka ja." Sannan ta mayar masa da motar ta ce ya tafi da ita, shi ya fi ta bukata, amma kada a sake a rufe. Iya Saratu ba ta kai damina ta gaba ba.

Yanzu motar sulke ta gaske ba abin kallo ba ce a Bauchi, ina ganinta a bakin hanya in za a kai ni asibiti. Jikokina kuma suna harbin tankokin yaƙi a wasan wayar hannu, in ɗaya ta ƙone su yi dariya su sake sabuwa. Nakan yi tunanin me Kofur zai ce. Na san ba zai hana su ba, ba shi da faɗa. Zai dai karɓi wayar ya ƙura mata ido, ya tambaye su ko mutanen ciki sun fita.

Ina kewarsa ƙwarai, ba na jin nauyin faɗa a waɗannan shekaru nawa. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Fentin motar ya koɗe, taya ɗaya ta ɓalle, wayar ɗan kunnena dai tana riƙe har yau. Kowace safiya in na idar da salla nakan miƙa hannu bisa kabad in taɓa, in tabbata murfin yana buɗe.