Ranar da Ba-komai Ta Ce A'a

'Yar ƙanwata ce, amma ko a wurin aikinta ba kowa ya san sunanta na yanka ba. Ba-komai ake ce mata. Tun tana ƙarama, in ka zauna mata a kujera, ba komai. In ka tafi da alƙalaminta, ba komai. Ta girma ta zama mai kula da netwok a wani asibiti, jakarta cike da igiyoyi shuɗaye kamar mai tallan zare, hali dai na nan, zanen dutse.

Bara shugaban sashensu ya yi ritaya, aka ce sai mai wani babban satifiket na aikin za a ba kujerar. Ta zauna jarrabawar ta faɗi. Saura mata dama ɗaya kafin a rufe ƙofa.

Gida ɗaya muke, ni da ita da mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Umma, da ƙaninta Auta, mai ɗaukar hoton biki. Wata safiya muna shan shayi na tambaye ta inda aka kayar da ita. Ta jera kofuna huɗu a gaban bakin buta.

"Kawu, ka ɗauka intanet ƙofa ɗaya ce. Duk abin da aka tura, murya ko hoto ko takarda, yanka shi ake gutsi-gutsi, kowane ya bi layi. Takarda in ta makara, ba wanda zai sani. Murya in ta makara, magana ta tsinke. Darasin shi ne wa zai fara wucewa, wa zai jira."

"To ina wuyar?"

"Wai ban iya tsara layi ba. Ni kuwa kowa na ba shi haƙƙinsa."

Na kurɓi shayina. Ya yi zafi, sai na ajiye kofin.

Ta aro tsofaffin na'urori biyu daga ofis, masu rarraba intanet, ta ɗora su a teburin guga. Suna ta huci kamar tsoho ya hau bene. Umma ta yi mita kwana biyu, ta koma guga a kan gado. Daga nan Ba-komai ta ce littafi ya isa, a intanet ɗin gida za ta gwada hannunta. Abin da ta fara yi mai kyau ne: ta sa wayar Umma a sahun gaba, domin duk Asabar da la'asar babbar yayarsu takan kira daga ƙasar da take aure.

Zance ba ya kwana a gidanmu. Washegari Auta ya jingina da ƙofarta.

"Yaya Injiniya, amaryar nan ta kusa cinye ni ɗanye. Bidiyon bikinta kwana uku yana rarrafe. Ki ɗan sa ni gaba mana."

"Ba komai."

Telan da ke shagon ƙofar gida, wanda muke ba shi intanet don zumunci, shi ma ya leƙo gaisuwa, gaisuwar ta yi tsawo. Ba komai. Ni kuwa ban roƙi kowa ba. Na dai yi gyaran murya a bakin ƙofarta, na ambaci cewa ƙwallon Asabar yakan tsaya mini daidai lokacin da ake shirin bugawa a raga. Abin da ya biyo baya ba ni na ce a yi ba.

Asabar ta zo, saura kwana huɗu jarrabawa. A makon ne babbar yayar ta haihu, ta ce yau za ta nuna jaririya. Umma ta ci ado kamar mai zuwa unguwa, ta zauna a falo da waya a hannu. Auta na tura bidiyonsa, tela na kallon sababbin ɗinkuna, ni ina gefe da ƙwallona.

Waya ta yi ƙara. Fuskar jaririya ta fito rabi, ta daskare. Muryar uwar ta riƙa zuwa gutsure-gutsure, kamar mai magana ta cikin fanka.

"Ke Injiniya!" in ji Umma. "Zo ki ga aikinki. Jikata ce wannan ko taswira?"

Ba-komai ta fito da kwamfutarta a hannu. "Umma, wallahi kina sahun gaba."

"To waye a baya?"

Ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Na ga leɓenta yana motsi, tana ƙirga mu ɗaya bayan ɗaya.

"Babu kowa," ta ce a hankali.

"Ashe gaban ma babu," in ji Umma.

Ba-komai ta zauna a hannun kujera, ta dafe goshi, sai kuma dariya ta kama ta. Ta ce haka ta yi a jarrabawa: duk abin da ta ga an rubuta yana da muhimmanci, ta tura shi gaba, suka je suka cushe a bakin ƙofa.

Ta juya ga Auta. "Kai ne ƙarshe."

"Haba Yaya! Amarya fa!"

"An riga an ɗaura. Bidiyo ba ya tsufa."

Shi kuwa tela, ta sa shi kusa da Auta a layi, ba tare da ta aika masa ba. Sannan ta zo gabana, ta sunkuyar da kai, murya can ƙasa.

"Kawu, ka yi haƙuri. A'a."

Shekara talatin da ɗaya ban taɓa jin kalmar a bakinta ba. Ta fito da ɗan tsatsa, amma ta fito.

Ta yi 'yan danne-danne. Fuskar jaririya ta haɗu, ga hanci irin na gidanmu. Ta tsala kuka, muka ji shi tar, har da shan numfashin da ke tsakani. Umma ta ce kukan ma na masu hankali ne. Ƙwallona kuwa ya koma hazo-hazo, aka ci ɗaya ban san wanda ya ci ba.

Ranar Laraba da hantsi Ba-komai ta tafi jarrabawa, ba ta ko gama shayinta ba. Bayan azahar muka ji ƙarar ƙofa. Ta shigo ta ajiye jaka, ta sauke na'urorin nan daga teburin guga ta naɗe igiyoyinsu.

"Umma, ga teburinki."

"Ke, faɗa mana mana!" in ji Umma.

"A jarrabawar sun ba ni misalin kamfani mai manya biyar, kowa na cewa shi ne gaba. Na tuna da ku."

Yanzu ita ke kan kujerar. An ce likitoci na zuwa ofishinta da gaisuwa mai tsawo, tana ba su shayi, su fita suna yabon kirkinta, layinsu na inda yake. Sunan dai bai bar ta ba.

Ni ma ban sake gyaran murya a ƙofar kowa ba. Duk Asabar da la'asar, in na ga 'yan ƙwallo sun fara narkewa, nakan ajiye wayar in matsa kusa da Umma. Jikar tata ta fara cewa "ta-ta".